Yadda haske ke rarrabuwa launi-launi, da dabbar teku mai saƙa gilashi

Duk gidan da ke da daro da ruwa da guntun madubi a Tawa, yana da kayan fitar da launukan bakan gizo a jikin bango. Da hantsi a cika daron, a ajiye shi bakin ƙofar ɗaki inda rana ke faɗowa, a jingina madubin ciki a karkace, rabinsa a ruwa, fuskarsa na duban rana. A bari ruwan ya kwanta. Sai a riƙa gyara madubin sannu-sannu har hasken da yake mayarwa ya faɗa cikin ɗaki, kan bango ko kan farar takarda. Za a ga wani ɗan zane mai ja a gefe guda, shuɗi da shunayya a ɗaya gefen, ruwan ɗorawa da tsanwa a tsakiya. Yaro ya taɓa ruwan da yatsa, launukan su cakuɗe su yi fari-fari suna rawa. Ruwan na natsuwa su dawo. A dai kula kada a haska wa kowa a ido, don hasken rana da madubi ya mayar yana lahani kamar kallon ranar kanta.

Ruwan ba shi da launi, madubin ma haka. To daga ina ja da tsanwa suka fito?

Shekaru aru-aru amsar masana ita ce gilashi ko ruwa ne ke rina hasken, wai fari shi ne haske tsantsa, launuka kuwa gurɓata ce. Isaac Newton na Ingila ne ya rushe wannan magana da gwaje-gwajen da ya fara a 1666, ya kuma bayyana su a 1672. Ya rufe ɗaki ruf, ya bar ƴar huda guda a taga, ya tare hasken da firizim, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa uku. Maimakon tabo zagayayye, sai ga zane mai launuka a bango, tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau 5. Wasu sun riga shi ganin wannan. Inda ya yi zarra shi ne mataki na biyu: ya huda allo ya bar launi ɗaya tak ya wuce, ya tare shi da wani firizim. Da gilashi rini yake yi, da launin ya sake. Bai sake ba. Ja ya shiga ja, ya fito ja. Da ya tattara dukan launukan wuri guda kuma, sai fari ya dawo. Ashe launukan tun daga rana suke tafe tare, gilashin raba su kawai yake yi.

Masu sauraren rediyo sun riga sun san rabin bayanin. Duk wanda ya taɓa murɗa akwati yana neman tasha a kan mita 31 ko mita 19 a gajeren zango, ya yi hulɗa da dangin haske, domin igiyoyin rediyo da haske abu ɗaya ne, tsawon zango ne ya raba su. Na rediyo ana auna shi da mita, na haske kuwa da nanomita, kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ja yana wajen nanomita 700, shunayya wajen 400, sauran suna tsakani. Iyakar abin da idon ɗan Adam ke gani ke nan.

A sararin da babu komai, kowane launi gudunsa ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Cikin ruwa gudun yana sauka zuwa wajen 225,000, cikin gilashi wajen 200,000, cikin daimon kuwa wajen 124,000. Wannan rage gudu shi ke karya hanyar haske. Ka dubi amalanken jaki da ya sauka daga kwalta zuwa rairayi a karkace: ƙafar da ta fara taka rairayi ita ke fara nauyi, ɗayar na kan kwalta tana gudunta, sai amalanken ya juya wajen wadda ta nutse. Da ya shiga rairayin kai tsaye, ƙafafun biyu lokaci guda, da gudu kawai zai rage ba tare da ya juya ba. Haka haske yake a bakin ruwa ko gilashi. Shi ya sa muciya da aka tsoma cikin ruwa take kamar ta karye, shi ya sa kuma gindin randa yake kamar ya fi kusa da yadda yake. Ko iska tana yin nata: kawalwalniyar da direbobi ke gani a kan hanyar Tawa zuwa Agadas hoton sararin sama ne, wanda iska mai zafi da ke kwance kan kwalta ta lanƙwaso zuwa ido.

Ga inda gizo ke saƙar: ba dukan launuka ke rage gudu daidai ba. Haske in ya ratsa gilashi yana girgiza ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa, su kuma su mayar da martani, wannan mu'amala ce ke jinkirta shi. A gilashi da ruwa, ƙwayoyin sun fi amsa wa haske mai gajeren zango, saboda haka shunayya ta fi jinkiri, ta fi karyewa, ja kuma ya fi kowa tafiya kusa da miƙe. Bambancin ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. A ruwa, gudun ja yana raguwa sau 1.331, na shunayya sau 1.343, tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. A firizim na gilashin yau da kullum, tsakanin ja da shunayya bai cika digiri 2 ba. Dole sai an ba hasken nisa kafin ya isa bango, sannan launukan su ware sosai.

Wani zai ce, to me ya hana gilashin taga ko na mota fitar da launuka? Fuskokinsa biyu a jere suke, ɗaya na bin ɗaya. Karyewar da haske ya yi wajen shiga, yana warware ta wajen fita, launukan su fito suna bin hanya guda, su hau kan juna su koma fari. A firizim fuskokin sun karkata, sai karyewa ta biyu ta ƙaru kan ta farko. Ruwan da ke tsakanin saman daro da madubin da aka jingina shi ma siffar ke nan, firizim ne na ruwa.

Bakan gizo ya fi wannan zurfi, kuma a nan akwai sunayen da ya kamata ɗalibanmu su sani. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karyewar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Snell na Holan ya sake gano ta a 1621. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya yi wata dabara mai ban sha'awa: tun da ɗigon ruwan sama ya yi ƙanƙanta a bincika shi, sai ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi babban ɗigo, ya bi sawun haske a cikinsa cikin ɗaki mai duhu. Ya ga hasken yana karyewa wajen shiga, ya bugi bayan ɗigon daga ciki ya dawo, ya sake karyewa wajen fita. Wani malami Bajamushe, Theodoric na Freiberg, ya kai ga amsa iri ɗaya a zamani ɗaya ba tare da sun san juna ba. Descartes na Faransa ya lissafa kusurwar a 1637.

Ja yana fitowa daga ɗigo a kan digiri 42, shunayya a kan digiri 40, in aka auna daga layin da ya taso daga rana ya ratsa kanka ya nufi inuwar kanka. Kowane ɗigo yana fitar da dukan launuka, amma ɗaya ne kawai ke dacewa da idonka. Ɗigon da ke sama ya aiko maka ja, na ƙasa da shi ya aiko shuɗi. Wanda ke tsaye gefenka wasu ɗigogin dabam ne ke aiko masa nasa. Wani lokaci ana ganin baka na biyu a sama da na farko, mai rauni, wajen digiri 51, launukansa a juye, ja a ciki. Wannan hasken sau biyu ya bugi cikin ɗigo kafin ya fito.

Lissafin nan yana bayyana abin da kowane manomi a Adar ya lura da shi, cewa ba a ganin bakan gizo da tsakar rana. In rana ta haura digiri 42 a sama, bakan gaba ɗaya yana faɗawa ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Lokacin da inuwar mutum ta kai tsawonsa, rana na kan digiri 45 daidai, kuma da damina a nan, da inuwar zawali ba ta da yawa, wannan kusan shigar la'asar ke nan. Saboda haka sai bayan la'asar ake fara ganinsa a gabas, ko da sassafe a yamma, kuma gwargwadon yadda rana ta yi ƙasa, gwargwadon yadda bakan ke tashi. Maganar da muka taso muna ji cewa bakan gizo na shanye hadari, tushenta lura ce ta gaskiya da aka ba fassarar da ba ita ba. Bai shan komai. Ba ya dai fitowa sai rana ta sami kafa, wato sai gajimare bai rufe sama duka ba, irin wannan hadari kuwa sau da yawa yayyafi yake yi ya watse. Launuka bakwai da ake haddacewa a lakwal ma ba iyaka ce da aka shata a sama ba. Newton da biyar ya fara, daga baya ya ƙara ruwan lemo da ruwan baba don su cika bakwai. A zahiri launi yana narkewa cikin launi ba tare da kan iyaka ba.

Ba kowane launi da aka gani ba ne aikin firizim. Shuɗin sama warwatsuwa ce: ƙwayoyin iska suna watsa shuɗi fiye da ja sama da ninki biyar. Lokacin hunturu, in ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe gari, sama kan yi fari fat, domin ƙwayar ƙura ta fi ta iska girma nesa ba kusa ba, tana watsa dukan launuka kusan daidai. Launukan bayan faifan CD da na man mota a kan ruwan kwata su ma wata hanya ce dabam, igiyoyin haske ne ke haɗuwa, wasu su ƙarfafa juna wasu su kashe juna.

Amfanin raba haske ya wuce kallo. A 1800 William Herschel ya sa ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙaru; ya gano hasken da ke bayan ja ke nan. A 1814 Fraunhofer ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka siri-siri cikin launukan rana, daga baya aka gane kowane sinadari yana da nasa layukan. Ta haka aka ga alamar iskar hiliyom a rana a 1868, shekara 27 kafin a same ta a doron ƙasa a 1895. Abin da ke damuna shi ne yaro ya gama lise ya iya zana firizim a kan takarda, ya kawo lissafinsa daidai da Faransanci, amma bai taɓa ganin launin ya faɗo bango da idonsa ba, alhali ranar da muke da ita a Tawa ta fi wadda Newton ya yi aiki da ita a Ingila ƙarfi.

Ruwa mai zurfi kuma ba raba launuka kawai yake yi ba, haɗiye su yake ɗaya bayan ɗaya. A teku ja ne ke fara ɓacewa, cikin mitoci goma na farko ya kusa ƙarewa. Shuɗi ne ke jurewa. In zurfi ya wuce mita 200 hasken bai isa tsiro ya rayu ba, in ya wuce mita 1,000 kuwa babu hasken rana sam. A can ƙasa akwai wata halitta da ta haɗa darasin haske da na rayuwa wuri guda, ita ce soson teku.

Teku ta yi mana nisa yau, amma ƙasar Adar ta taɓa zama ƙarƙashinta. Miliyoyin shekaru da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara, kuma dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza a gindin ruwan nan ya taru. Soson da muke wanka da shi, wanda ke yaɗo a kan darni, tsiro ne dangin kabewa. Soson teku kuwa dabba ce, ko da yake an daɗe ana ɗaukar ta tsiro saboda tana manne wuri guda. Robert Grant na Sukotlan ya nuna a shekarun 1820 cewa da kanta take jan ruwa tana fitarwa. An san nau'i wajen 9,000, mafi yawansu a teku, sama da 200 a ruwan daɗi.

Ba ta da baki, ba hanji, ba jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, ba jijiyoyin saƙo. Jikinta ƙofofi ne da hanyoyin ruwa. Ruwa na shiga ta dubban ƙananan huji a jikinta, ya bi lunguna zuwa wasu ƴan ɗakuna da aka jera wa ƙwayoyin halitta na musamman. Kowace ƙwaya tana da ƴar bulala guda da take kaɗawa ba hutu, da wani gewaye mai tankaɗe a gindin bulalar. Kaɗawar ce ke jan ruwa, gewayen ya tare ƙwayoyin bakteriya da ɓarɓashin abinci, ruwan da aka tace ya fice ta babbar kafa a sama. Masu nutso sukan zuba rini a gindin soso, cikin ƴan daƙiƙu a ga rinin yana tuttuɗowa ta bakin sama. A yini guda soso na iya tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai. Da wannan ruwa yake ci, yake shaƙar iska, yake zubar da ƙazanta, har haihuwa ma da shi ake yi, domin ruwa ne ke ɗaukar maniyyi daga wani soso zuwa wani. Ɗan da aka haifa yana iyo na ɗan lokaci, sannan ya sami dutse ya manne har mutuwa.

A 1907 wani masani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ya wargaje ƙwaya-ƙwaya. Ƙwayoyin suka riƙa rarrafe suna neman juna, suka dunƙule, suka sake gina ƙananan sosuna masu rai. Na ruwan daɗi kuwa suna da dabarar da duk wanda ya ga tabki ya ƙafe da rani zai fahimta. Kafin ruwa ya janye, sukan tara wasu ƙwayoyi cikin ƴan ƙunshi masu tauri da ba su kai milimita guda ba. Uwar ta mutu ta bushe, ƙunshin ya zauna cikin laka, ruwa na dawowa ya fashe sabon soso ya fito. Tun da dabbar ba ta iya gudu, da guba take kare kanta, kuma likitoci sun amfana: maganin sankarar jini mai suna cytarabine, da aka amince da shi a 1969, ya samo asali daga binciken sinadaran wani soso na tekun Karebiyan.

Abin da ke riƙe da jikin soso shi ne ƙashinsa. Wasu nasu zare ne mai laushi, irin wanda Girkawa suka daɗe suna nutso suna cirowa don wanka. Wasu ƙananan allurai ne na alli. Wasu kuma alluran silika ne, sinadarin da ke cikin rairayi, wanda da shi ake yin gilashi. Wata irin soso mai suna Euplectella, da ake samu a zurfin teku wajen Filifin, gaba ɗaya ƙashinta saƙar gilashi ce, doguwa mai raga-raga. Sau da yawa jatan lande biyu, mace da namiji, kan shiga tun suna ƙanana su girma su kasa fita, shi ya sa a Japan ake ba da busasshenta kyautar aure. A gindinta akwai zaruruwan gilashi masu kaurin gashin kai, tsawon santimita 5 zuwa 15, da take kama laka da su.

Don a gane abin mamakin da ke cikin waɗannan zaruruwa, sai an san yadda zaren gilashi mai ɗauke da intanet yake aiki. Haske in yana cikin abu mai jinkirta shi ya nufi wanda bai kai shi ba a kwance sosai, ba ya fita, dawowa ciki yake gaba ɗaya. Tsakanin ruwa da iska hakan na faruwa daga wajen digiri 49. Ka ɗaga kofin gilashi mai ruwa ka dubi saman ruwan daga ƙasa a karkace, za ka ga ya zama madubi. Injiniyoyi sukan yi zaren da cibiya mai jinkirta haske, su lulluɓe ta da gilashin da bai kai ta ba, sai haske ya kasa tsere wa cibiyar har ya yi kilomitoci. A nan rarrabuwar launuka abokiyar gaba ce: in ƙyaftawar haske guda ta ƙunshi zango dabam-dabam, wani zai riga wani isa, saƙo ya hau kan saƙo. Shi ya sa ake aiki da leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai zango kusan guda, wajen nanomita 1310 ko 1550, can bayan ja inda Herschel ya sa ma'auninsa.

A 2003 Joanna Aizenberg da abokan aikinta a Bell Labs na Amurka suka auna zaren Euplectella, suka tarar tsarinsa ya yi kama da na masana'anta: cibiya mai jinkirta haske, kewaye da ɓangaren da bai kai ta ba. Suka haska shi, haske ya bi ta ciki. Ya ma fi na masana'anta juriya, domin gilashin hawa-hawa ne, tsakanin kowane hawa akwai siririn shafe na sinadarin jiki da ke tare tsagewa kafin ta ratsa. Bai kamata a zuzuta abin ya wuce haddi ba. Zaren soso bai kai na masana'anta tsabta ba, ba zai kai haske nesa ba, kuma aikinsa na fili a jikin Euplectella shi ne kama ƙasa. Amma a sosunan ruwa marar zurfi an ga hasken yana aiki. A 2008 masu bincike daga Stuttgart ta Jamus suka cusa takarda mai jin haske cikin wani soso mai suna Tethya, suka tarar da tabon haske daidai inda damman alluran suka ƙare. A wani danginsa kuma an ga gansakuka mai rai tana girma a cikin jikin, tana bin layin alluran.

Masana'anta sai ta kai gilashi zafin digiri wajen 2,000 kafin ta ja shi ya zama zare. Soso kuwa cikin ruwan sanyi yake nasa. Yana tsamo ƴar silikar da ta narke a ruwan teku, ya jera ta hawa-hawa kewaye da wani siririn zaren furotin. A 1998 masu bincike a Kalifoniya suka ware furotin ɗin daga alluran Tethya suka sa masa suna silicatein, kuma tun lokacin ake gwada yin gilashi da shi ba tare da wuta ba. Aikin yana da jinkiri matuƙa. Wani soso mai suna Monorhaphis allura guda yake yi don ya tsaya a kanta, tsawonta na iya kai wa mita 3, kaurinta kusan santimita guda. A 2012 an bincika wata irinta da aka ciro daga tekun gabashin Sin, aka ƙiyasta shekarunta wajen 11,000, kuma daga sinadaran hawa-hawanta masana suka karanta yadda zafin ruwan zurfin teku ya riƙa canzawa a tsawon wannan lokaci.